Wa Zai Kamo LeBron? A Fara Tambayar Gwiwa da Agara

Daren 7 ga Fabrairun 2023 ne a Los Angeles, mu kuma a nan gari na gab da wayewa. Ina riƙe da waya, na rage murya don kada in tashi mutanen gida. Saura daƙiƙa 10.9 a kammala zango na uku na wasan Lakers da Oklahoma City Thunder, LeBron James ya karɓi ƙwallo a kusa da layin jifan kyauta, ya ba mai tsaronsa baya, ya ɗan tura shi da kafaɗa, sannan ya juya yana ja da baya a sama ya saki. Ƙwallo ta faɗa kwando ba gardama. Nan take aka tsayar da wasa. Wani dogon dattijo mai shekara 75 ya taso daga kujerarsa a bakin fili, ya shigo tsakiya a hankali, ya ɗaga ƙwallo da hannu biyu ya miƙa wa LeBron. Kareem Abdul-Jabbar ke nan, mai maki 38,387, wanda ya riƙe kambun wanda ya fi kowa tara maki a gasar NBA tun 5 ga Afrilun 1984, ranar da ya wuce Wilt Chamberlain. A wannan rana ko haihuwar LeBron ba a yi ba, sai a ƙarshen Disambar shekarar ya zo duniya.

Tun daga lokacin, duk majalisar da ake hirar ƙwallon kwando tambaya ɗaya ce ke yawo: wa zai kamo shi? Wani ya ce Luka Doncic, wani ya ce Victor Wembanyama, wani ya kawo sunan yaron da ya ci maki hamsin a daren jiya. Hujjar kowa ita ce yawan makin da gwaninsa ke ci a wasa guda. Ni kuwa a ganina wannan hujja rabin magana ce, kuma ƙaramin rabin. Wanda duk zai yi hasashen inda ɗan wasa zai tsaya, to ya fara duba wasa nawa yake bugawa a shekara, da yadda jikinsa zai kasance bayan ya haura talatin.

Lissafin ba shi da wuya. Kakar NBA wasa 82 ce, ban da zagayen fitar da gwani, wanda ba a haɗa makinsa a wannan ƙidaya. Mutum ya riƙa cin maki 25 a kowane wasa, ya buga wasa 80 a kowace kaka, ya yi haka shekara 20 cur ba fashi, sannan ne zai kai maki 40,000. LeBron ya wuce nan tun 2 ga Maris 2024, kuma zuwa ƙarshen kakar 2024/25 yana da 42,184. A cikin lambobin nan uku, 25 da 80 da 20, ta farkon ce kawai take hannun gwaninta. Biyun da suka rage suna hannun ƙashi da jijiya da ƙaddara. Masu cin maki 25 a wasa ba su yi wuya ba a yau, ana samun su da yawa a kowace kaka. Waɗanda suka yi kaka 20 a gasar kuwa 'yan ƙalilan ne a duk tarihinta, kuma mafi yawansu sun ƙarasa ne suna zaune a benci, ana sa su minti goma a huta da su.

Michael Jordan ne ya fi fito da wannan magana fili. Babu wanda ya kai shi matsakaicin maki a wasa, 30.1, kuma sau goma yana zama wanda ya fi kowa cin maki a kaka. LeBron sau ɗaya tak ya taɓa samun wannan, a 2007/08. Amma Jordan ya tsaya a 32,292, domin wasa 1,072 kawai ya buga. Ƙashin ƙafa ya karye masa a kakarsa ta biyu, ya buga wasa 18. Ya ajiye ƙwallon kwando a 1993 ya koma wani wasan daban, bai dawo ba sai Maris 1995. Ya sake ajiyewa bayan kofin 1998, ya shafe kaka uku a gida kafin ya bayyana a Washington. LeBron ya kamo Kareem ne a wasansa na 1,410. Da Jordan ya buga wannan adadin da irin cin da yake yi, da yanzu wata maganar ake. Sai dai bai buga ba, kuma littafin tarihi ba ya rubuta "da ma".

A ɗaya ɓangaren ga Karl Malone na Utah Jazz, wanda bai taɓa zama na ɗaya a cin maki ba ko a kaka guda, amma ya tara 36,928, ya wuce Jordan da sama da dubu huɗu. Sirrinsa fitowa aiki. Shekara 18 ya yi a Utah, kuma wasannin da ya rasa a tsawon wannan lokaci ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Kowa ya ɗauka shi ne zai ture Kareem. Ya koma Lakers yana da shekara 40, gwiwa ta samu matsala a Disambar 2003, ya buga wasa 42 kawai a kakar, daga nan bai sake dawowa ba. Tsakaninsa da Kareem saura maki 1,459, abin da a da yake tarawa kafin kaka ɗaya ta ƙare. Jikin da ya yi shekara goma sha takwas bai ce masa uffan ba, rana ɗaya ya yi magana, kuma maganarsa ce ta zama ta ƙarshe.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne marigayi Kobe Bryant. A kakar 2012/13 yana da shekara 34, yana cin maki 27.3 a wasa kamar saurayi. Lakers na fafutukar samun gurbi a zagayen fitar da gwani, shi kuma ya ɗora ƙungiyar a wuyansa, ba ya yarda a fitar da shi ya huta. Ranar 10 ga Afrilu ya buga dukkan minti 48 a Portland, ya ci maki 47. Bayan kwana biyu, a wasansu da Golden State Warriors, bai zauna ko na minti ɗaya ba har kusan ƙarshen wasa. Sai ya yunƙura zai wuce mai tsaronsa ta hagu, irin yunƙurin da ya yi sau dubbai a rayuwarsa, ya zube ƙasa yana riƙe da bayan dunduniya. Agara ta tsinke. Aka ba shi jifan kyauta biyu. Ya taka a hankali yana jan ƙafa, ya tsaya a kan layi, fuskarsa a ɗaure, ya jefa na farko ya shiga, ya jefa na biyu ya shiga, sannan ya juya ya fita da ƙafarsa ba tare da an ɗauke shi ba. Duk lokacin da na sake kallon wannan wuri sai jikina ya yi sanyi.

A wannan dare yana da maki 31,617. Tsakaninsa da Kareem 6,770 ne, aikin kaka uku da 'yan kai ga mai cin abin da yake ci. Kaka ukun kuwa ya yi su, amma ga yadda suka kasance: wasa 6, wasa 35, wasa 66. Jimillar abin da ya ƙara maki 2,026, har da 60 ɗin da ya ci a wasan bankwana da Utah a Afrilun 2016. Ya tsaya a 33,643. Hannun yana nan, ido yana nan, zuciyar kuwa ba a magana, ƙafa ce ta ƙi. Har yau ina ganin da an tilasta masa hutun minti bakwai ko takwas a kowane wasa a waɗancan makonni, ko da ransa zai ɓaci, da an kyauta masa. Babu mai tabbacin cewa hakan zai hana rauni, amma a juri zuwa rafi da tulu, an san ƙarshen zancen.

Ba lallai tsinkewar agara ta zama ƙarshen ɗan wasa ba. Dominique Wilkins ya tsinke tasa a 1992, ya dawo ya ci kusan maki 30 a wasa a kakar da ta biyo. Kevin Durant ya tsinke tasa a wasannin ƙarshe na 2019 da Toronto, ya dawo da hannunsa kamar ba abin da ya faru. Amma a duba abin da raunin ya ci masa. Kakar 2019/20 gaba ɗaya bai taka fili ba, sannan a uku da suka biyo ya buga wasa 35, da 55, da 47. Kafin nan ma karayar ƙashin ƙafa ta tsayar da shi a wasa 27 a 2014/15. Mutumin da sau huɗu yana zama na ɗaya a cin maki, wanda da yawa ke ganin ya fi LeBron iya jefa ƙwallo daga ko'ina, sai a Fabrairun 2025 ya kai 30,000, yana da shekara 36. Rauni ko da an warke daga gare shi, wasannin da ya cinye ba sa dawowa.

Tsufa kuma nasa aikin daban ne da na rauni, shi a hankali yake shigowa. Abin da yake fara ɗauka shi ne takun farko, wannan zabura da ɗan wasa ke yi ya bar mai tsaronsa a baya. Daga nan tsalle ya ragu. Sai kuma wanda 'yan kallo ba sa gani: jikin ɗan shekara 24 zai buga wasa yau a wannan birni, ya hau jirgi cikin dare, gobe ya sake bugawa a wani birnin lafiya lau, na ɗan shekara 36 kuwa sai ya kwana biyu yana neman kansa. Saboda haka wanda duk abincinsa gudu ne da tsalle, da wuri kasuwarsa ke watsewa. Derrick Rose ya zama gwarzon ɗan wasan NBA a 2011 yana da shekara 22, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ba wa kyautar. Jijiyar gwiwa ta tsinke a Afrilun 2012, bai ƙara komawa yadda yake ba, ya yi ritaya da ƙasa da maki 13,000. Tracy McGrady ya fi kowa cin maki a 2003 da 2004, ciwon baya da gwiwa suka cinye shi tun bai kai talatin da ɗaya ba, ya tsaya a 18,381.

Waɗanda suka daɗe kuwa, za ka tarar kowannensu yana da wani makami da shekaru ba sa cinyewa da sauri. Na Kareem shi ne jifan nan nasa na ƙugiya: ya ba mai tsaro kafaɗa, ya ɗaga hannu ɗaya can sama, ya sako ƙwallo daga inda babu hannun da zai kai. Jifan ba ya buƙatar gudu, ba ya buƙatar karo da kowa. Da shi ya ci maki 23.4 a wasa a 1985/86 yana gab da shekara 39, da shi ya zama gwarzon wasannin ƙarshe na 1985 yana da 38. A duk rayuwarsa sau ɗaya ya taɓa cin jifan maki uku. Dirk Nowitzki na Jamus ya yi kaka 21 a Dallas da jifansa na tsayuwa a ƙafa ɗaya, ya tara 31,560. LeBron da ya shigo gasar a 2003 ƙarfi da gudu ne jarinsa, ana ma yi masa gorin bai iya jifa daga nesa ba, har abokan hamayya kan ja da baya su bar masa fili. A kakar 2023/24, yana da shekara 39, kashi 41 cikin ɗari na jifansa na maki uku ya shiga. Ya koyi wasa da baya ga kwando, ya koyi lokacin da zai yi gudu da lokacin da zai taka a hankali ya bar yara su yi.

Ga wata ƙididdiga da nake so mai karatu ya riƙe. Zuwa ƙarshen kakar 2013/14, lokacin da LeBron ya bar Miami yana da shekara 29, makinsa 23,170 ne. Daga nan zuwa 2025 ya ƙara 19,014. Wato abin da ya ci daga dab da shekara talatin zuwa arba'in ya fi duk abin da McGrady ya ci a rayuwarsa. A shekarun da sa'o'insa ke zaune a ɗakin sharhi na talabijin sanye da kwat, shi ya sake gina wata rayuwar wasa cikakkiya a kan ta farko, har ya kai ga shiga fili tare da ɗansa Bronny a Oktoban 2024.

Shi ya sa raina ke sosuwa idan na ji ana cewa ai ba wani abu ba ne, daɗewa kawai ya yi. Daɗewar ita ce aikin. Kareem ya rungumi yoga da motsa jiki irin na masu kokawar Gabas a zamanin da 'yan wasa ke yi wa irin wannan dariya. LeBron an san shi da tsare barcinsa da abincinsa, da wankan ƙanƙara da tausa bayan wasa, da ajiye mai kula da jikinsa na musamman tun yana matashi, kuma an sha rawaito cewa kuɗin da yake kashewa a kan haka duk shekara ya haura dala miliyan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwiwar da za ta ɗauki mutum a shekara 38, tun yana 22 ake tattalinta, lokacin da kuɗi ya shigo, gari ke kiransa, kuma babu inda ke masa ciwo balle ya tuna. Wannan horon kai ne na shekara ashirin, kuma ban ga dalilin da zai sa a yaba wa wanda ya ci maki 70 a dare ɗaya a raina wanda ya hana kansa abin da yake so dare dubu bakwai ba.

Duk da haka ba zan ce tattali ne kaɗai ba. Akwai rabo. Mutum na iya yin duk abin da likita ya ce, ya yi tsalle ya sauko a kan ƙafar wani, shi ke nan. LeBron ya yi kaka 15 bai gamu da babban rauni ba, har ya buga dukkan wasa 82 a 2017/18 yana da shekara 33. Sai ranar Kirsimetin 2018 matsematsinsa ya goce, kuma daga nan shi ma jiki ya fara karɓar nasa kaso: wasa 55 a kakar, 45 a 2020/21, 56 da 55 a biyun da suka biyo. Kakarsa ta 23, wadda babu wanda ya taɓa kaiwa, ya fara ta ne a makare saboda ciwon jijiyar da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa. Bambancinsa da su Kobe shi ne nasa raunukan sun zo bayan ya riga ya cika rumbu, kuma babu wanda ya kwantar da shi shekara guda.

Akwai kuma shekarun farawa. Kareem ya yi shekara huɗu a jami'ar UCLA, ya shigo NBA a 1969 yana da 22. LeBron daga sakandare ya wuce kai tsaye yana da 18, ya samu rarar kaka huɗu. Tun 2006 an rufe wannan ƙofa, sai ɗan wasa ya kai 19 a shekarar da za a ɗauke shi. Namu na Afirka da yawa a makare suke farawa. Hakeem Olajuwon a Legas ƙwallon ƙafa da ta hannu ya fara yi, sai da ya zama saurayi ya san ƙwallon kwando, duk da haka ya yi kaka 18 ya tara 26,946. Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, ya shigo da wuri amma ɗanye, bai kai maki 7 a wasa ba a kakarsa ta farko, sai a 2025 ya haura 20,000 yana da shekara 30.

To mu dawo kan 'yan yau. Abu ɗaya yana taimakonsu: maki ya yi araha. A kakar da LeBron ya fara, ƙungiya kan ci kimanin maki 93 a wasa, a 2023/24 kuwa sama da 114, saboda saurin wasa da yawan jifan maki uku. Amma abin da aka samu ta nan ana asararsa ta can. Fili ya buɗe, mai tsaro sai ya yi ta zabura daga ƙarƙashin kwando zuwa bayan layin maki uku yana birki yana juyawa, kuma gwiwa da agara ne ke biyan kuɗin. A zagayen fitar da gwani na 2025 kaɗai, Damian Lillard da Jayson Tatum da Tyrese Haliburton duk agararsu ta tsinke, Tatum yana da shekara 27, Haliburton 25. Ƙungiyoyi sun koma ajiye taurarinsu a wasu wasanni don su huta, har hukumar gasar ta kafa dokar cewa daga 2023/24 sai ɗan wasa ya buga wasa 65 kafin a sa shi a takarar manyan kyaututtuka. Gasar da sai an yi doka kafin taurarinta su buga 65, da wuya ta sake fitar da mai buga 80 shekara bayan shekara.

Joel Embiid na Kamaru ya isa misali. An ɗauke shi a 2014, ciwon ƙafa ya hana shi taka fili sai 2016. Ya fi kowa cin maki a 2022 da 2023, ya ci 70 a wasa ɗaya a Janairun 2024. Amma a shekara goma sha ɗaya, zuwa 2025, wasa 452 ya buga, bai taɓa kai 70 a kaka ba, makinsa bai kai 13,000 ba. Wembanyama, wanda tsawonsa da gwanintarsa suka ruɗa duniya, daskarewar jini a kafaɗa ta katse masa kakarsa ta biyu a Fabrairun 2025.

Luka ne dai aka fi ambata, kuma da dalili: ya ci 33.9 a wasa a 2023/24, ya ci 73 a dare ɗaya a Atlanta, kuma salonsa bai dogara da gudu ba, irin wanda kan jure shekaru ne. Sai dai a kaka bakwai na farko ya buga wasa 450 ya tara ƙasa kaɗan da 13,000, alhali LeBron a nasa bakwai na farko ya buga 548 ya tara 15,251. Luka ya fi shi ci a wasa guda, amma yana bayansa da sama da dubu biyu, saboda wasa kusan ɗari da bai buga ba. Bai taɓa wuce wasa 72 a kaka ba. Kafin ya kai inda LeBron yake a 2025, sai ya riƙa cin maki 2,000 duk shekara har kusan shekara 15, wato har ya haura arba'in, kuma a kaka bakwai ɗin nan sau biyu kacal ya kai 2,000 ɗin. Ga shi tun yana ɗan shekara 16 yake karo da manya a Real Madrid, jikin ya fara aiki da wuri. Shi da bakinsa ya taɓa nuna cewa ba ya da niyyar daɗewa haka a fili.

Hukuncina shi ne, a cikin waɗanda ke wasa yau ban ga wanda zai kamo LeBron ba, kuma ba don sun gaza shi iya jefa ƙwallo ba ne. Tarihin Kareem ya yi kusan shekara 39 kafin a taɓa shi, ina kyautata zaton wannan zai fi shi daɗewa. Mai karatu, idan aka sake kawo maka sunan wani yaro aka ce shi ne magajin, ka tambayi wasa nawa ya buga bara da bara waccan, ka tambayi sau nawa aka yi masa aiki a gwiwa. In amsar ta yi daɗi, sai ku sa ranar sake zama idan ya cika shekara 33.